Motar da Aka Gasa a Gidan Biredi

Tun da Damaris ta dawo Kafanchan ba wanda ya ga ta zauna ta gama cin tuwo a wuri ɗaya. Sai ta kai cokali biyu ta miƙe, ta leƙa ɗakin baya, ta dawo, ta duba waya, ta sake miƙewa. Mahaifiyarta, Mama Afiniki, takan bi ta da ido har ta gaji.

"Wannan yarinya, Turawa sun cire maki wurin zama ne?"

Damaris ta yi dariya, amma ko dariyar a tsaye take yin ta.

Shekaru ta yi a wata masana'anta a arewacin Italiya, inda ake ƙera motocin gudu, irin waɗanda ba su ɗaukar ko tiya ɗaya ta masara, mutum biyu kawai suke ci, su ma a kishingiɗe kamar marasa lafiya. Ita ba ruwanta da inji, ba ruwanta da fenti. Aikinta ƙashin motar ne, wato wurin da direba ke zama, wanda inji da tayoyi da komai suke ɗaure a jikinsa. A can baho suke ce masa, kuma ba su yi ƙarya ba, da bahon wanka yake kama. Ba da ƙarfe ake yin sa ba, da yadi ne, baƙin yadi da aka saƙa da zaren kabon aka jiƙa shi da gam tun daga kamfani. A yanka, a shimfiɗa a cikin mazubi, a danne, a ɗora wani a kai, zaren wannan ya kalli gabas na wancan ya kalli kudu, har abin ya yi kauri. Sannan a rufe shi da leda, a zuƙe iskar ciki, a gasa. Abin da zai fito mata biyu za su ɗauke shi suna hira, amma in mota ta daki bango komai ya tarwatse, shi ne zai tsaya da mutumin da ke cikinsa.

Ranar da ta yi wa Mama Afiniki wannan bayani, tsohuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ashe tela ne ke. Duk wannan tafiya, ɗinki ki ka je yi."

Abin da ya hana Damaris zama kuwa ba ɓoyayye ba ne. Hutu ta ɗauko, kuma masana'antar ta ce za ta riƙe mata gurbinta zuwa ƙarshen wata, ba ƙari. A Abuja akwai wani injiniya mai suna Endurance, mai ƙaramin kamfani da ke haɗa motocin tsere, wanda ya gaji da sayo baho daga waje. Ya ce mata in ta yi masa guda ɗaya a nan gida, ya gwada ya ga ya yi, zai buɗe wurin aiki a Kafanchan ya danƙa mata. Ya aiko mata da mazubi, da famfon zuƙe iska, da naɗin yadi ɗaya tal a cikin ƙanƙara. Ɗaya, domin shi ma inda ƙarfinsa ya kai ke nan. In bahon ya yi, ta zauna. In bai yi ba, ta koma. Kuma Damaris ba ta son komawa ko kaɗan. Ta gaji da sanyi, ta gaji da taliya, ta gaji da kallon uwarta tana tsufa a cikin waya.

Mama Afiniki ba ta taɓa buɗe baki ta ce kar ki koma ba. Ba irinta ba ce. Ta dai sa an yi wa ɗakin Damaris fenti, ta sayo sabuwar katifa, ta kuma shiga azumi ba tare da ta faɗi na mene ne ba. Mutuniyar Fadan Kagoma ce, citta ta noma har bayanta ya ce ya isa, kuma a zumuntar matan cocinsu in ta ɗaga waƙa ba mai iya zama. A gidanta ba abin da ke fara aiki sai an shafa masa man zaitun da fasto ya yi addu'a a kai. Injin markaɗe ya sha, irin citta ya sha kafin a kai gona, akuyar da aka sayo ma ta sha nata. Ita kanta Damaris, ranar da za ta tafi Turai, da goshi mai ƙyalli ta shiga mota.

Saboda haka da aka fara aiki, Mama Afiniki ta ce a kira fasto.

"Bari a gama tukuna, Mama," in ji Damaris. "In an gama ku zo da zumunta gaba ɗaya, ku yi ta waƙa a kansa har ku gaji."

"Sai an gama? Ke ma tun kina ciki na fara maki addu'a."

"Na ji. Amma ɗakin nan ba mai shiga sai ni. Ƙura ko maiƙo ya taɓa yadin nan, ya lalace."

"To ni ne ƙura, ko ni ne maiƙo?"

Ɗakin da ake magana tsohon sito ne, inda a da ake jibge buhunan citta. Damaris ta wanke shi kamar za a yi tiyata, ta lulluɓe bango da silin da leda, ta ajiye takalmi na musamman a bakin ƙofa. Ba ta shiga sai ta ɗaure kai ta sa safar hannu. Ta daina shafa mai har hannuwanta suka yi furu-furu, kuma shi ya sa take cin tuwo da cokali kamar baƙuwa, don kada man ja ya maƙale mata a farce. Wannan ya fi komai ci wa Mama Afiniki rai. 'Yarta guda, ta dawo daga Turai, a gan ta a coci da hannu irin na mai kwaɓa siminti!

Yadin kuma ga shi da iyayi. In bai zauna a firiza ba, gam ɗin jikinsa yakan fara bushewa da kansa, kuma in ya fara ba ya komawa baya. Wutar Kafanchan kuwa kowa ya san halinta, leƙowa take yi ta gaishe ku ta wuce. Don haka naɗin yana gidan biredin Ifediora, a naɗe cikin leda, a firizar da yake ajiye bota. Ifediora jikan ma'aikacin reluwe ne, a Kafanchan aka yanke masa cibiya, Hausa ta fi Ibo zama a bakinsa. Yana da janareto, yana kuma da babbar tanda mai gas wadda ake tura keken biredi a ciki a rufe. Ya yarda ya ba ta tandar ranar Lahadi, da sharaɗin in motar ta fito shi za a fara ɗorawa.

Haka Damaris ta yi ta kai-komo tsakanin sito da gidan biredi a bayan 'yan acaɓa, ta yanko na yau, ta shimfiɗa, gobe ta koma ta yanko na gobe. Aiki ya kai rabi, wata Alhamis ana yayyafi, tana tsaka da danna yadi a lungun da bayan direba zai jingina, sai wayarta ta yi ƙara. Ifediora ne.

"Madam Italiya, abeg ki zo. Janareto ya mutu tun jiya, ba wanda ya gaya mani. Bota na ya zama miya."

Ba ta ma ji ƙarshen maganar ba. Ta tuɓe safa, ta fita da gudu, ta bar ƙofar sito a saye da mabuɗi a jiki.

Ta iske firizar tana zubar da ruwa, naɗin ya yi laushi. Bai mutu ba, amma ya kama hanya. Mai gyaran janareto ya ce sai an sayo wani abu daga Jos, kuma duk wanda ya san masu gyara ya san abin da wannan ke nufi. Dabara ɗaya ta rage, ta kwashe yadin gaba ɗaya ta gama shimfiɗa shi kafin Lahadi. Ta dawo da shi rungume a bayan mashin, ruwa na dukanta. Mama Afiniki na zaune a baranda tana ɓarar gyaɗa, tana 'yar waƙarta, fuska wasai kamar wadda aka yi wa albishir. Damaris ba ta tsaya tambaya ba.

Hadari ya rufe gari, sito ya yi duhu-duhu, fitilar caji ta fara lumshe ido. A ƙa'ida, kafin a ɗora sabon yadi sai an haska na ƙasa an duba shi lungu-lungu. Ta san haka, ta ma koya wa wasu. Amma gam na bushewa, hankalinta kuma ya rabu gida goma. Sai ta ɗora, ta danne, ta ɗora wani. Ranar da washegari da Asabar, in ka gan ta a waje to ruwa ta fito sha.

Ranar Lahadi mutane na wucewa coci da Littafi a hammata, Damaris da Ifediora kuwa suna sauke mazubi daga a-kori-kura. Ifediora da kansa ya wanke tandar. Suka tura mazubin ciki a lulluɓe da leda, tiyon famfo ya fito ta gefen ƙofa yana tsotsar iska. Zafi dole ya hau a hankali, ya tsaya wuri ɗaya na tsawon lokaci, ya sauka a hankali. Damaris ta kafa wa ma'aunin zafi ido, ta zagaya tandar, ta taɓa tiyo, ta dawo ta sake kafa masa ido. Daga cocin da ke bayan layi ana jin gangar zumunta, ta kuma san muryar da ke jan waƙar.

"Ki zauna mana," in ji Ifediora. "Duk shekarun da na yi ina gashi, ban taɓa ganin biredi ya nuna don an zagaya shi ba."

"Oga Ife, naka in ya ƙone ka kwaɓa wani."

"Haka ne. Amma in gobe mutane suka ce biredi na yana warin taya, gidanku zan turo su."

Da la'asar ya huce, suka yaye leda, suka ɓanɓare shi daga mazubi. Ifediora ya cire hula bai san ya cire ba. Baƙi ne wuluk, yana sheƙi, saƙar zaren ta fito tsaf kamar sabuwar tabarma, ba ƙuraje, ba tabo. Da suka zo ɗagawa, Ifediora ya tattaro ƙarfin ɗaukar buhun fulawa, saura kaɗan ya jefa shi silin. Damaris ta yi dariya har hawaye suka zo, ta kuma bar su suka zubo, domin murna take yi, irin wadda ta manta da ɗanɗanonta. Ta aika wa Endurance hoto. Nan take ya kira yana ihu, ya ce ranar Talata zai zo da mota ya ɗauka. Yammacin nan Damaris ta zauna ta cinye tuwonta, har ta nemi ƙari.

Saura abu ɗaya wanda ido ba ya iya yi, sai kunne. Ranar Litinin, bayan Mama Afiniki ta tafi taron zumunta, Damaris ta shiga sito da ƙaramin cokali da guntun alli. Ƙwanƙwasawa ake yi, taki bayan taki. Inda yadi ya kama ɗan'uwansa, ƙara takan fito ƙal-ƙal kamar tangaran. Inda bai kama ba, sai a ji bus, sai a ɗiga alli a wurin.

Ta fara daga hanci. Ƙal, ƙal, ƙal. Ta bi gefen hagu, ƙal. Har ta fara bin cokalin da waƙa. Da ta iso inda bayan direba zai jingina, cokalin ya ce bus.

Ta tsaya. Ta sake bugawa. Bus.

Ta ce wa kanta wuri ɗaya ne, ɗan kumfa ne ya maƙale, ana samun haka ko a Italiya. Ta ɗiga alli ta matsa sama. Bus. Ta ɗiga, ta matsa. Ɗigon ya yi ta miƙewa daga ƙasa zuwa sama, faɗin yatsu uku, sannan a wajen kafaɗa ya buɗe hagu da dama. Ta ja da baya ta duba. Gicciye ne.

Ta samu wani a gefen dama, inda za a ɗaure bel. Ta samu wani a ƙasa, inda ƙafafu za su miƙe, da wani a ɗaya gefen. Duk a miƙe suke, an zana su da natsuwa, ba gaggawa. Kumfa ba ta san gicciye ba. Hannun da ya zana su Damaris ta san shi, ta kuma tuna ƙofar da ta bari a saye, da fuskar da ta gani a baranda. Man zaitun ne ya kwanta tsakanin yadi da yadi, ta zo ta rufe shi da hannunta, ta kai shi tanda ta gasa.

Da farko haushi ne ya turnuƙe ta, ta yi jifa da cokalin ya daki leda. Ta fito tsakar gida, ta koma sito, ta sake fitowa. Ba wanda za ta yi wa ihu, sai akuya. Ta ja ƙofa, ta kama hanya ba ta san inda za ta ba, ta bi gefen layin dogo tana tsallake ruwan da ya kwanta. A nan ne haushin ya lafa, wani abu da ya fi shi muni ya maye gurbinsa.

Ta san gwajin Endurance, shi da kansa ya faɗa mata. Za a ɗaure bahon a murɗa shi, a ɗora masa nauyi, a auna. Duk wannan zai ci, ta tabbata, domin zaren yana nan da ƙarfinsa. Injin da ke leƙa cikin kabon kuwa Endurance ba shi da shi, ƙwanƙwasawar ma ita ya bar wa, don ya yarda da ita. Ciwon ba zai nuna ba sai ranar da mota ta daki wani abu a guje. Ranar ce yadin zai rabu falle-falle kamar albasa, a daidai bayan mutum. Wataƙila ranar ba za ta taɓa zuwa ba. Direbobi nawa ne suka tsufa ba su daki komai ba? Alli kuwa tsumma da ruwa kawai yake so.

Ƙafa ta kai ta gidan biredi. Ifediora na tsaye ana loda biredi a mota, da ya ga fuskarta sai ya ja ta gefe. Ta faɗa masa a taƙaice.

"Ba a faci?" ya tambaya.

"Ana yi, da yadi. Yadi ya ƙare. Kuma a tsakiya yake, sai an huda rabin bahon."

"Ki ce injiniyan ya aiko wani."

"Ba shi da wani sai baɗi. Italiya kuma ba za su jira ni baɗi ba."

"Mama ta sani?"

Ta girgiza kai.

Ifediora ya sosa ƙeya. "Ni in nawa ya lalace, masu alade suna zuwa daga Katsit su kwashe. Naki ko alade ba zai ci ba." Bai yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba. "To yanzu me za ki yi?"

"Ban sani ba."

Ƙarya take yi. Ta san abin da take so, kunyar faɗinsa take ji. Da ta koma gida ta ce wa Mama Afiniki kanta ke ciwo, ta ƙi haɗa ido da ita.

Ranar Talata da hantsi Endurance ya kira ya ce sun wuce Kwoi. Damaris ta ɗebi ruwa a bokiti, ta ɗauki tsumma, ta shiga sito. Ta matse tsumman ta tsaya a gaban bahon. Ta kai hannu, ta janye. Ta zagaya ta ɗaya gefen, kamar daga can abin zai fi sauƙi. Tana nan tsaye ta ji motsi a bayanta. Mama Afiniki ce da kofin kunu, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta tsallako ba, kamar yadda doka ta ce.

Idon tsohuwar ya sauka a kan farin alli. Kofin ya karkata, kunu ya zuba a kan ledar ƙasa.

"Yesu! Sun fito!" Ta ajiye kofin ta ɗaga hannu sama. "Sun fito, Dama! A ciki na sa su, ga su a waje! Ubangiji ya amsa! Bari in kira matan zumunta su zo su ga shaida!"

"Mama, ni na zana su."

"Ke? Ya a ka yi ki ka san wurin?" Murna ba ta bar ta ta jira amsa ba. "Kar ki yi fushi. Na bi dokan ki duka. Na wanke hannu da sabulu, na sa safan ki, na ɗaure kai, takalmi ma na cire. Ko ƙura ɗaya ban kawo ba."

"Mai kika sa, Mama."

"Ba mai ba ne. An yi addu'a a kai."

Damaris ta duƙa ta ɗauko cokalin daga ƙasa, ta ce, "Shigo." Mama Afiniki ta tuɓe silifa ta shigo. Damaris ta buga gefen bahon. Ƙal, ƙal. Ta buga tsakiyar gicciyen. Bus. Ta sake, can da nan, can da nan.

Kunnen da ya saba ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin a saya ba ya bukatar dogon bayani. Hannun Mama Afiniki ya sauko a hankali.

"Ya tsage?"

"A ciki. Man ya hana shi kamawa."

"Man da na sa ɗin?"

"Eh."

"Mutum zai zauna a nan?"

"Eh."

"In ya yi hatsari fa?"

Damaris ta nuna gicciyen da cokalin. Mama Afiniki ta nemi abin dafawa, ta tuna ba a taɓa komai a ɗakin nan, sai ta zauna a ƙasa daɓas. Ba ta yi kuka ba. Ta dai zuba wa gicciyen ido, leɓenta na motsi ba sauti. Damaris ta ji tausayinta har cikin ƙashi, ta kuma ji tsoron abin da ke shirin fitowa daga bakinta, amma ya fito.

"Ba wanda zai gani, Mama. In na goge allin nan zai ɗauka, ya gwada, ya ce ya yi. Sai in zauna." Muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya. "Ba sai na koma ba."

So take a ce mata goge. In uwarta ta faɗa, sai su raba nauyin biyu, ko ta iya ɗauka. A waje mota ta tsaya, aka danna hon, aka ji ana buɗe ƙofofi, wani na gaishe da maƙwabta da murya mai ƙarfi.

Mama Afiniki ta dubi jiƙaƙƙen tsumman da ke hannun 'yarta, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta ɗauki guntun allin daga kan tebur, ta zagaya bayan bahon, ta tsaya a saman, inda ƙeyar direba za ta kwanta. Damaris ba ta kai can ba jiya, haushi ya fitar da ita kafin ta kai.

"Ba ki samu duka ba," in ji Mama Afiniki. Ta ja layi daga sama zuwa ƙasa, ta gitta wani. Ya fi sauran girma. "Nan na fi sa da yawa. Wurin kai ne."

Ta ajiye allin, ta ɗauki kofinta, ta fita. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Endurance, dogo, baki har kunne. Ya rusuna ya gaishe ta, ta amsa masa da kyau, ta tambaye shi hanya, ta wuce.

Ya shigo yana tafa hannu. "Madam, wannan ai ya fi na hoto!" Sai ya ga allin. "Wannan fa, ado ne?"

Damaris ta saki tsumman ya faɗa bokiti. Ta miƙa masa cokalin.

"Injiniya, zo ka ji da kunnenka."

Ya buga gefe, ya buga kan alli, ya sake bugawa. Murmushin ya tafi. Ta faɗa masa abin da ya faru, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, har da dubawar da ita ta tsallake. Ya daɗe yana shafa bahon da tafin hannu. Ya ce bai taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma ba shi da wani yadin. Ta ce ta sani. Suka loda mazubi da famfo a motar, suka bar bahon a inda yake.

Ta iske Mama Afiniki a bayan kicin, ta baje busasshen barkono da citta a faifai tana tsince su, ta ba ta baya.

"Jirgin ki ran nawa ne?" ta tambaya, ba ta juyo ba.

"Asabar ta sama."

"To. Kawo mani turmi in daka maki yaji. Abincin su ba ya da ɗanɗano, na gani a jikin ki."

Damaris ta mirgino turmi, ta ɗauko taɓarya biyu. Suka tsaya suna daka, wannan ta sauke wannan ta ɗaga, yaji na tashi yana shiga masu ido, hawaye na zubo masu. Ba yajin ba ne, su biyun sun sani, amma ba wadda ta ajiye taɓarya.